Fentin sajewa da daji a jikin bindigar farauta: a fara kashe ƙyalli kafin a yi maganar zane

Tambaya: Salamu alaikum, Baba. Ni maharbi ne daga yankin Darazo. Ina da bindiga mai baki ɗaya, mai karyewa, da lasinta, sai kuma adaka da na gada wurin mahaifina. Na ga a waya Turawa suna yi wa bindigoginsu fenti mai dabbare-dabbare don su saje da daji. Zan iya yin haka da kaina a gida? Wane fenti zan saya, kuma yana da wani amfani kuwa, ko kwalliya ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Za ka iya, kuma ba aiki ne mai cin kuɗi ba. Sai dai abin da ya ja hankalinka a wayar, wato zanen, shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin aikin duka. Abin da ke tona asirin maharbi a daji iska ce da ta kwashi warinsa, sai motsinsa, sai ƙyallin ƙarfe idan rana ta doke shi. Fenti ba ya maganin biyun farko. Na ukun yake kashewa, sannan ya karya miƙaƙƙiyar siffar bututu, domin babu reshe ko kara a daji da ya miƙe sambal haka, kuma idon dabba ya san da wannan.

Ka fara tambayar kanka me kake harbi. Gada, barewa, mazo da mugun dawa suna da ƙwayoyin gane launi iri biyu ne a ido, mu mutane muna da uku. Ja da kore ba su rabu sosai a wurinsu ba, amma shuɗi suna ganinsa rangaɗaɗau. Shi ya sa a jihohi da yawa na Amurka doka ta tilasta wa maharban barewa sanya riga ruwan lemo mai kashe ido: ɗan'uwansu maharbi ya hango su daga nesa, barewa kuwa launin bai dame ta ba. Tsuntsu ba haka yake ba. Zabo, fakara da agwagin fadamun Gongola suna da ƙwayoyi iri huɗu, suna ganin launin da mu ma ba ma gani. To in zabin daji ne sana'arka, launi yana da ɗan tasiri. In gada ce, kashe sheƙi kaɗai ya isa, sauran don jin daɗin ranka ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya so kayansa su yi kyau.

Kafin ka taɓa gwangwanin fenti akwai maganar hukuma. Dokar makamai ta 1959 ta sa lasin bindigar harsashi irin taka a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na adaka kuma a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasi na mutum ne, ba a gadonsa tare da bindiga, saboda haka adakar mahaifinka tana bukatar takarda da sunanka. Lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfe, da duk wani hatimi ko lambar rajista, kada fenti ya hau kansu ko kaɗan. Ranar da aka tsayar da kai a shinge, jami'i zai gwada lambar takarda da ta ƙarfe, idan ya tarar an shafe ta da fenti ba zai ɗauka kwalliya ka yi ba. Kada kuma ka kwaikwayi zanen kakin soja. Sojoji ba sa ɗaga ƙafa ga farar hula da ya sanya irin kayansu, ga shi dazukan Alkaleri, Ningi da Toro sun sha fama da masu garkuwa da mutane, mutumin ƙauye da ya hango baƙo riƙe da bindiga mai zanen soja ba zai tsaya ƙirga mata baki ba. Ka sanar da Sarkin Baka abin da ka yi, a hanya kuma ka riƙa sa ta cikin jakarta. Fenti kuma ba ya halatta farauta a gandun dajin Yankari, wanda aka keɓe tun 1956, ko na Lame-Burra, ko na Sumu.

Yanzu aikin. Ka karya bindigar, ka cire harsashi, ka leƙa bututun ta baya har ka ga haske ya fito ta baki. Adaka ba a leƙa ta haka, kuma ita ce ta fi yaudara, don tana iya shekara da ɗuri a ciki mai ita ya manta. Ka zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka sa alama daidai baki, ka zaro ta ka ɗora a jikin bututun ta waje. In ba ta kai kafar wuta ba, wato ɗan ramin da wuta ke bi ta kama albarushi, akwai albarushi a ciki. Ka sauke ɗurin tukuna. Kada ka kusanto da tina, wato ruwan tsinka fenti, ko fentin kansa wurin da albarushi yake.

A kan adakar nan zan daɗe, don a nan haɗarin gaske yake. Bututun ƙirar gida ba a gwada shi da matsi a masana'anta ba, kuma hayaƙin albarushi yana jan danshi, yana cin ƙarfe daga ciki. Alamar da ke ceton hannun maharbi ita ce siririyar tsaga kusa da gindi, ko ɗan kumburi da yatsa ke ji in an shafa, ko ramukan tsatsa masu zurfi. Fenti yana cike waɗannan duka ya shafe su. Bindigar da a da za ka kalla gabanka ya faɗi, bayan fenti sai ta koma sabuwa fil, ka ɗura mata albarushi hankali kwance. Don haka bayan ka kankare ƙarfen, tun bai ga firaima ba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama ƙarfe, ka kai wa maƙerin da ya san bindiga ya duba a cikin hasken rana, ya jujjuya, ya shafa. In ya ce akwai tsaga, an gama maganar fenti da ta harbi gaba ɗaya, a rataye ta a ɗaki don tunawa da mai ita. Ni ma da za ka bi tawa, adaka mai lafiya ma ka bar gindin bututunta babu fenti, tsawon tafin hannu, ka riƙa shafa masa mai kana duba shi.

Kashi mafi girma na nasarar fenti yana wurin wanki. Bindigar maharbi ta sha mai shekara da shekaru: man kaɗe, man gyaɗa, baƙin mai, man keken ɗinki, ga gumin hannu. Fenti ba ya kama mai. Zai yi kyau ranar farko, bayan fita biyu ya fara ɓarewa falle-falle. Ka raba ƙarfe da ƙota iyakar inda ka san za ka iya mayarwa, kada ka kwance kayan cikin kunama. Ka cire maratayi, da layu da fatar da aka naɗe a jiki. Ka wanke ƙarfen da tina ko sifirit na kemis, da farin tsumma, kana sauya tsumman har sai ya daina baƙi. Kada ka yi da kalanzir, shi kansa mai ne, yana barin maiƙo. Fetur kuma ban yarda da shi a cikin gida ba, inda murhu yake kusa. Wuraren da mai ke ɓuya su ne gindin kusoshi da mahaɗar da bindigar ke karyewa. Ka ajiye ƙarfen a rana na ɗan lokaci, za ka ga mai yana tsattsafowa daga nan, ka sake gogewa.

Sai samfefa mai laushi, lamba 320 ko 400. Ba kankare ƙarfe za ka yi ba, dushe shi kawai za ka yi don fenti ya sami abin kamawa. Inda tsatsa take, a bi ta har ƙarfe ya fito fari. Daga nan ka sake wankewa da sifirit, kuma kada hannunka ya ƙara taɓa shi. Ka sa safar roba, ka zura waya ta inda kusa take, ka rataye shi.

Ƙota tana da nata hukuncin. In icen kamfani ne mai kyau, mai zanen jijiya, shawarata kada ka yi masa fenti. Ka dushe sheƙinsa da soson ƙarfe mai laushi ka bar shi, launin ice dama launin daji ne, kuma ranar da za ka sayar, bindigar da aka lafta wa fenti ba ta yin kuɗin wadda aka bari da kamarta. In ƙotar maƙera ce da ta jiƙu da mai har ta yi baƙi, sai ka sa ta a hantsi, mai ya fito, ka barbaɗa toka mai laushi ko garin alli ya tsotse, ka kakkaɓe, ka maimaita har ta daina gumi. Kada ka bar ta a ranar tsaka, ice yana tsagewa. In ta roba ce, samfefa da sifirit sun isa, amma tina tana iya cin wasu robobin, ka gwada a wurin da ba a gani.

Rufe wuraren da fenti bai kamata ya shiga ba shi ne inda masu gaggawa suke ɓata bindiga. Ka sayi tef ɗin takarda irin na masu fentin mota. Ka toshe bakin bututu da dunƙulen takarda, ka rufe da tef. Haka ramin harsashi, da fuskar da allurar dukan harsashi ke fitowa, da ƙugiyar da ke turo kwanson harsashi, da mahaɗar karyewa, da kunama da makullinta, da ƙwayar saiti, da lamba. A adaka, kafar wuta da abin da ke dukanta. In akwai madubin hange, gilasansa biyu da lambobin da ke kan murfin saiti. Kaurin fenti ba ya kai na takarda, amma a mahaɗa ya isa ya hana bindiga rufuwa daidai, kuma bindigar da ba ta kulle sosai ba ba a harba ta. Ka danne gefen tef ɗin da farce, ka yanke abin da ya yi saura da reza.

Wane fenti? Waɗanda ka gani a waya galibi suna amfani da gwangwanin feshi na Krylon ko Rust-Oleum da aka yi don wannan aiki, ko kuma Cerakote, wanda sai an feshe ƙarfen da yashi, an fesa da injin iska, an gasa a tanda mai zafin kusan digiri 120 na awa biyu. Wannan ba aikin tsakar gida ba ne, ka manta da shi. Abin da za ka nema a shagunan fenti na Bauchi, ko a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, shi ne gwangwanin feshi da aka rubuta Matt ko Flat a jikinsa. Wanda aka rubuta Gloss mai sheƙi ne, kuma shi ya fi yawa a kasuwarmu, don masu babur da masu ƙofa shi suke so. Bindiga mai zanen ganye tana walƙiya a rana ta fi baƙa tsohuwa tona asiri. In marar sheƙi ya gagara a launin da kake so, akwai mafita. Firaima ita kanta ba ta sheƙi, kuma tana zuwa da ja-ja irin na marmara da ruwan toka irin na duwatsunmu, launuka biyu ke nan cikin waɗanda kake bukata. Fentin allon makaranta ma baƙi ne marar sheƙi. Sai dai firaima tana shan danshi in an bar ta tsirara, dole a rufe ta da feshin banish marar launi, shi ma Matt. Wannan banish ɗin yana kashe sheƙin fenti mai ƙyalli ma. Ka yi ƙoƙari duk gwangwanayen su zama na kamfani ɗaya, don wani fentin yana cin wani ya tattare shi. Ka gwada su a kan guntun ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, kwana guda kafin aikin.

Launi kuwa, kada ka ɗauko na dajin Turai. Kai farautarka daga bayan girbi take zuwa faɗuwar ruwa, Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da dajin Darazo ya zama busasshiyar ciyawa, jar ƙasa, da kututturan marke da kalgo. Shimfiɗar farko ta zama kaki mai haske, launin busasshiyar gamba. Na biyu ruwan ƙasa. Na uku ruwan toka mai duhu, kaɗan. Kore in za a sa, ya zama mai dishi-dishi irin na ganyen sabara, ba kore shar ba. Baƙi tsantsa kusan babu shi a daji sai inda gobara ta bi, ko a baƙar ƙasar kwarin Gongola, kuma yana ɗaukar zafi har ƙarfe ya gagari hannu a watan Maris. Yawancin bindigogin da ake kawo mini in gani duhu ne ya yi musu yawa. A inuwar zaure sun yi kyau, a fili kuwa sai su koma baƙin sanda guda.

Feshin kansa ba wuya. Ka girgiza gwangwani minti biyu bayan ƙwallon ciki ya fara ƙara. Tazara tsakaninsa da ƙarfe santimita 25 zuwa 30. Ka fara danna kan tun kafin ka iso jikin bindigar, ka wuce ta sannan ka saki, hannu yana tafiya bai tsaya ba. Firaima shafi ɗaya ko biyu, sirara, har kana iya hango ƙarfen a shafin farko. Tsakanin shafi da shafi minti 10 zuwa 15. Inda fenti ya taru ya zubo, kada ka share shi yana ɗanye, ka bari ya bushe ka bi da samfefa. Ka karanta abin da ke jikin gwangwani game da ƙarin shafi, don wasu suna so a ƙara cikin awa ɗaya ko kuma a jira kwana biyu, in aka ƙara a tsakani sai ya yamutse.

Bayan kakin ya rufe ko'ina, ka haɗa ƙarfe da ƙota ba tare da ɗaure kusoshi ba, don zanen ya ratsa daga wannan zuwa wancan. Da ruwan ƙasa ka yi manyan faci a karkace, kowane faɗinsa ya kai tafin hannu, uku ko huɗu a tsawon bututu, ba daidai wa daida ba, kuma kada na dama ya yi kama da na hagu. Waɗannan manyan su ne ke yanka bindigar gunduwa-gunduwa a idon mai kallo. Dubi zabo: a hannu ɗigo-ɗigon fari ne birjik, daga taku talatin kuwa ruwan toka ne kawai. Duk ƙananan zane haka suke narkewa su zama launi ɗaya, shi ya sa wanda ya ɓata yini yana zana ganye ɗaiɗai bai ƙara komai ba in babu manyan facin a ƙarƙashi.

Ƙananan suna zuwa daga baya, kuma kayan aikinsu suna tsakar gidanka. Ka tsinko gamba ko tsinken tsintsiya guda goma sha, ka baza su a kan wurin da yake kaki, ka danne da yatsa su kwanta a jikin ƙarfe, ka yi fesawa ɗaya gajeriya da ruwan ƙasa. Da ka ɗaga, za ka ga siraran layuka masu haske sun fito a cikin duhu, gefensu tsaf inda tsinken ya manne, dishi-dishi inda ya ɗan ɗago. Dabarar ɗaya ce da ta masu lallen salatif: inda aka rufe shi ke fitowa da launin ƙasa. A kan facin duhu kuma ka juya, ka ɗora ganyen tsamiya ko na dogon yaro ka fesa kaki. Ragar buhun albasa tana ba da ɗigo-ɗigo. Guntun soson katifa da aka yaga da hannu, a dangwala a fentin da aka fesa kan kwali, yana ba da zanen ɓawon itace. Ka bar ƙasan bututu ya fi samansa haske, yadda cikin barewa ya fi bayanta fari, don inuwa dama tana duhunta ƙasan. Kuma ka san lokacin tsayawa. Da ka ji kana son ƙara ɗaya, ajiye gwangwanin, ka jingina bindigar a gindin sabara, ka ja da baya taku talatin, ka ɗauke ta hoto da waya ka mayar da hoton baƙi da fari. In ta fito a hoton a matsayin sanda guda, manyan facinka ba su bambanta da shimfiɗar ba.

Yanayinmu yana da nasa sharaɗin. A hunturu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, sai ka yi a rumfa ko zaure mai iska, ka yayyafa ruwa a ƙasa tukuna. A Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, fenti yana bushewa a iska kafin ya iso ƙarfe, ya sauka gari-gari, ya goge da yatsa. Lokacin nan sai da sassafe, kuma kada ƙarfen ya kasance ya sha rana. Da damina danshi yana sa shi ya yi fari-fari. Kada ka yi a ɗaki rufe, ka ɗaure hanci, yara su yi nisa, babu taba babu murhu, gwangwanin da ya ƙare kuma kada a jefa shi a wuta.

Ka cire tef bayan kamar awa ɗaya, fenti bai gama tauri ba, don kada ya ɓalle da gefe. Sannan haƙuri. Zai bushe a taɓa tun ranar, amma bai yi ƙwari ba sai ya kwana bakwai ko fiye, a rataye a inuwa inda iska ke bi. Gwajinsa biyu: ka danna farce a wurin da ba a gani, in ya bar shaida da saura, ka kuma shinshina, in kai kana jin warin fenti, mugun dawa zai ji shi tun kana bayan tudu. Da ya yi, ka haɗa, ka sa mai a mahaɗa da cikin bututu, ka tabbata ka cire takardar da ka toshe baki da ita, ka leƙa ka ga haske. Ka buɗe ka rufe babu harsashi, ka gwada makulli. In akwai madubin hange kuma ka cire shi, sai an sake saiti kafin a fita. Daga yanzu in za ka wanke bututu, kada tina ta taɓa waje, za ta kwashe fentin.

In duk wannan ya yi maka yawa, ko kana jin tausayin bindigar, ka yanka tsohon buhun algarara siri-siri ka naɗe bututun da shi, ka bar saiti a buɗe. Yana kashe ƙyalli fiye da kowane fenti, yana kuma rage ƙarar ƙarfe in ya bugi dutse. Aibinsa yana riƙe raɓa, dole a kwance shi duk dawowa a shafa mai, in ba haka ba tsatsa za ta yi gida a ƙarƙashinsa.

Ranar farautar gayya kuwa, da mutane ɗari da karnuka suke kutsa daji ɗaya, sajewa ba abin nema ba ne. Ka sa jar hula ko ka ɗaura jan ƙyalle a kafaɗa don na gefenka ya san inda kake. Ka kuma ɗaura ɗan jan zare a maratayin bindigar, domin wadda fentinta ya yi kyau, in ka ajiye ta cikin ciyawa ka je ɗauko abin da ka harba, sai ka sha wuya kafin ka gano inda take.